Ranar da Malam Ya Ga Ajinsa a Tianhe

A shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ina Guangzhou, ina aikin da ban taɓa kawo wa raina zan yi ba. Ina da ɗan ofis a ɗaya daga cikin dogayen benayen Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke taruwa. Mutum zai sauka daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, in kai shi masana'anta, in yi masa tafinta da ɗan Sinancin da na tsinta a bakin titi, sannan in haɗa kayansa a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Alhali injiniyanci na karanta, a wata kwalejin kimiyya da fasaha a can arewacin Najeriya. Na gama, na yi yawon neman aiki har na gaji, sai wani kawuna ya jawo ni nan.

Ina shagon wani mai sayar da fanka muna jayayya a kan launi wayata ta yi ƙara. Muryar da na ji ta sa na miƙe tsaye ban sani ba.

"Injiniya, an ce kana China. Ni ma ga ni nan tafe."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kira na da wannan sunan ba da zolaya ba, wato malamin da ya koya mana zanen inji da ƙira. Malam kawai muke ce masa, domin a sashenmu idan aka ce Malam babu mai tambayar wanne.

Koyarwarsa daban take da ta kowa. A farkon zango ba ya barin ɗalibi ya taɓa fensir. Sai ya rarraba mu cikin gari, wasu wurin masu niƙa, wasu wurin 'yan walda, wasu gidajen mata masu ƙuli-ƙuli. Ya ce mu zauna da su, mu yi aikin da hannunmu har jikinmu ya gaya mana inda wahalar take. Bayan nan ne za mu dawo mu ƙera samfurin inji da kwali da gwangwani da tsofaffin ƙarafa, mu mayar wa mutanen su gwada, su kushe, mu dawo mu sake. Ni ɓarar gyaɗa ce ta faɗo mini. Na ɓare gyaɗa har yatsuna suka yi kanta, ina tsine wa ranar da na zaɓi wannan karatu. Amma abin da na koya a zangon nan shi ne kaɗai bai zube daga kaina ba har yau.

Shekara da shekaru Malam yana lura da ɗalibansa, wanda ya gane da wanda bai gane ba, da dalilin hakan. Ya tattara abin da ya gani ya rubuta, aka buga a wata mujallar malaman injiniyanci a ƙasar waje. Da ya kai rubutun gaban kwamitin ƙarin girma na kwalejinmu, sai suka ce wannan ba binciken injiniyanci ba ne, zancen koyarwa ne, ya kai sashen ilimi. Mutanen sashen ilimi kuma suka ce su ba su san ƙarfe ba, ya mayar can. Haka ya zauna a mataki ɗaya, yaran da ya koyar suna zuwa suna wuce shi, wasu har suka zama shugabanninsa.

A wayar ya gaya mini wata farfesa ce a wata jami'a da ke unguwar Tianhe, nan cikin Guangzhou, ta gayyace shi. Ta karanta rubutunsa tun tana ƙaramar malama, ta daɗe tana neman sa. Kwaleji ta ƙi amincewa tafiyar ta zama ta aiki, don haka hutunsa na shekara ya ɗauka. Biza kuma gajera aka ba shi, domin a lokacin an tsaurara komai saboda wasannin. Ko mu da ke zaune a garin, kullum fasfo na aljihu, ba ka san a wace kwana ɗan sanda zai tare ka ba.

Na tarye shi a filin jirgi. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Farin kaftani, hula zanna, da jaka mai lalataccen zif da ya ɗaure da igiya. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana duba fuskata.

"Me kake ƙerawa yanzu?"

"Malam, kaya nake lodawa."

"To, to. Allah ya sa albarka," in ji shi, ya sake ni.

Jami'ar ta ba shi masauki, amma abinci wurina yake zuwa ci, saboda a Xiaobei ne ake samun na halal ba tare da dogon bincike ba. Ranar da zai fara ganawa da farfesar ya ce in raka shi, kunnensa ya yi nauyi, kuma Turancin mutanen nan ba ya shigar masa.

Zafin ranar irin na Guangzhou ne, mai ɗanshi, wanda riga ke manne wa mutum tun kafin ya kai bakin titi. Ko'ina tutoci, ko'ina manyan talabijin ana nuna masu tsere da masu iyo. Farfesar ta tarye mu a bakin ginin sashensu. 'Yar siririyar mace ce mai furfura kaɗan, takalmin roba a ƙafarta. Ta rusuna wa Malam irin rusunawar da ban taɓa ganin ɗan China ya yi wa baƙar fata ba tun zuwana ƙasar. Ta kira shi malaminta. Malam ya waiwayo ya dube ni, wai ko bai ji daidai ba.

Ta kai mu ɗakin ƙere-ƙerensu. Na tuna namu na gida, inda injin gyaran ƙarfe ɗaya ne ke motsi, shi ma sai ranar da aka sami mai a janareta. Nan kuwa fili ne guda, fitilu tar, injuna a jere kowanne yana aiki. Lokacin hutu ne, amma ɗalibai cike da wurin. A kan teburansu ba komai sai kwali da gwangwani da waya da gam. A jikin bango an rubuta matakan aiki da manyan haruffan Sinanci, a ƙasa kuma ga sunan Malam da haruffan boko.

Farfesar ta ce yaran ba su daɗe da dawowa daga ƙauyuka ba. Wasu sun zauna da masu kiwon kifi, wasu da masu tsinkar ganyen shayi. Ba ta yarda kowa ya zana komai sai ya yi aikin da hannunsa. Ta kira wata ɗaliba ta nuna tafin hannunta, duk ya yi bororo saboda jan koma. Yarinyar tana dariya tana bayanin abin da ta ƙera, ni ina fassarawa iya ƙoƙarina.

Malam ya shiga tsakanin ɗaliban. Ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya, hannayensa a baya. Wani wuri ya tsaya ya ɗauki samfurin kwali ya jujjuya shi, ya murza wani sashe, ya ajiye a hankali. Da ya zo ƙarshen ɗakin sai ya cire hularsa ya share gumi, ko da yake sanyin na'ura ya cika wurin.

Daga nan muka shiga ofishinta. Ta kunna kwamfuta ta buɗe wani shafi da ke nuna duk waɗanda suka ambaci aikinsa a nasu rubuce-rubucen. Malam bai taɓa sanin akwai irin wannan shafi ba. Ya jawo kujera, ya sa tabarau, ya kai fuskarsa kusa da gilashin. Ga mutanen Indiya, ga na Brazil, ga na Turkiyya, ga na Koriya, ga 'yan China rututu. Tana gangarawa, shi yana bi da yatsa. Da farko fuskarsa ta saki, har na ga haƙoransa. Can sai na lura yatsan ya daina tsayawa a kan sunaye, gefen da ake rubuta ƙasa yake bi.

"Tambaye ta, akwai wani daga Najeriya?"

Na tambaye ta. Ta rubuta, ta jira, ta sake rubutawa. Sai kalmar nan ta kuɓuce mata, wadda masu shago ke faɗa mana kullum idan babu abin da muke nema.

"Meyo."

Nan take ta gyara, ta faɗa da Turanci, ta ƙara da cewa wataƙila shafin ne bai tattara komai ba. Malam ya cire tabaransa ya naɗe.

"Na ji wannan ba sai ka fassara ba," in ji shi.

Ina jin ta lura da abin da ya faru, domin nan da nan ta kawo maganar da ta tanada. Tana son a ƙulla yarjejeniya tsakanin sashenta da nasa. Ya riƙa turo ɗalibansa su yi zango guda a nan, jami'arta ta ɗauki masaukinsu da abincinsu, ita ma ta tura nata su zauna da manomanmu. Ba abin da ake buƙata sai sa hannun shugaban kwalejinsa.

A cikin tasi muna komawa Malam ya zama wani mutum. Ya riƙa lissafa yaran da zai turo, wane yana da hannu amma ba ya magana, wance ta fi kowa kai amma iyayenta sai an lallaɓa. Ya tambaye ni ko akwai masallaci kusa da jami'ar, ko sanyin garin yana da tsanani. Ban taɓa ganin sa yana surutu haka ba.

Daga ofishina ya kira shugaban kwalejin. Saboda kunnensa na buɗe lasifikar wayar, shi ya sa na ji komai. Shugaban tsohon ɗalibinsa ne, yana gabanmu da shekaru masu yawa. Malam ya gaishe shi da ladabi, ya zayyana masa abin da ya gani da tayin da aka yi.

Sannan muryar ta ce, "Malam, wai da gaske kana China? Wa ya ba ka izinin yin magana da yawun kwaleji?"

"Ranka ya daɗe, ban yi alkawarin komai ba. Shi ya sa na kira."

"Irin wannan ba a yin sa haka. Idan suna son yarjejeniya, su aiko da gayyata ga hukumar gudanarwa. Mu ne za mu zo mu duba. Kai ka dawo bakin aikinka." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Af, kuma ɗakin ƙere-ƙeren nan naka, majalisar kwaleji ta yanke za a mayar da shi zauren jarrabawa. In ka dawo ka kwashe tarkacenka."

"To, ranka ya daɗe," in ji Malam.

Ya miƙo mini wayar. Na rasa inda zan sa idona, sai na tashi na haɗa masa shayin da bai ce yana so ba. Ya karɓa ya riƙe har ya huce.

Washegari ina da alkawari da wani Alhaji daga Maraɗi, tsohon abokin hulɗata, mutum mai fara'a da yawan magana. Injin ɓarar gyaɗa yake nema, wadda shi yake kira gujiya. Malam ya ji haka ya ce zai bi mu, zaman masauki ya ishe shi.

Shagon yana wani gini da ake baje kolin injunan noma. Mai wurin saurayi ne, bai fi ni shekaru ba. Alhaji ya shiga da "Nihaw, lawban!" kamar gidansu, wato sannu maigida. Saurayin ya jawo wani ƙaramin inji kore, ya kawo buhu ya zuba, ya kunna. Gyaɗa ta riƙa fitowa ta gefe guda a ɓare, ɓawo ta ɗaya gefen. Na ɗebi ƙwayar na duba, da ƙyar ka ga wadda ta fashe. Kuma gyaɗar irin tamu ce, 'yar ƙarama, ba irin ƙatuwar ta China ba.

Saurayin ya ga ina mamaki, sai ya yi bayani cike da alfahari. Ya ce 'yan kasuwar Afirka ya roƙa suka kawo masa gyaɗarsu a cikin kaya. Ya zauna ya ɓare ta da hannu buhu bayan buhu kafin ya zana ko layi ɗaya, domin haka malamarsa ta koya masa a jami'a. Ya fara da kwali, ya ba masu saye suka kushe, ya sake.

Na fassara. Malam ya ce in tambaye shi sunan malamar. Ya faɗa. Ita ce.

Na buɗe baki zan gaya wa saurayin wanda ke tsaye a gabansa, sai na ji an ja hannun rigata. Malam ne. Ya girgiza mini kai sau ɗaya.

Sai ya tattare kaftaninsa ya durƙusa a gaban injin. Ya leƙa ƙarƙashi, ya taɓa bel, ya ciro rariyar ya ɗaga ta sama yana duba ramukan. Ni na san abin da yake gani, domin ni ma shi nake gani. Ajinmu ya ƙera irin wannan injin tun ina ɗalibi. Namu mummuna ne, waldar duk ta yi tudu, amma yana ɓara. An taɓa fito da shi ranar bikin yaye ɗalibai, wani babban baƙo ya tafa, aka ɗauki hoto, aka mayar da shi bayan ɗakin ƙere-ƙere inda ruwan sama ya gama da shi.

Alhaji kuwa murna ta cika shi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko? Mutanen nan Allah ya ba su basira. Mu namu masu bokon sai takarda da dogon Turanci, ko allura ba su iya yi ba." Ya juya wurin Malam da sauri. "Malam, ba da kai nake ba fa."

Malam ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa. Ya kakkaɓe hannunsa.

"Gaya wa yaron ya iya aiki," ya ce mini. "Amma ya rufe bel ɗin nan. Mata ne za su yi aiki da shi, mayafi zai iya shiga."

Saurayin ya saurara, ya dubi bel ɗin, ya dubi tsohon, ya gyaɗa kai ya yi godiya. Alhaji ya sayi injunan da yawa. Ni na loda su a Huangpu.

Farfesar ta so Malam ya tsaya har a buɗe makaranta, ya koyar da ajinta ko na ɗan lokaci ne. Ita da kanta ta raka mu ofishin shige da fice da takardun jami'a. Jami'in ya duba fasfon, ya duba Malam, ya ce ba a ƙara wa kowa wa'adi sai an gama wasanni. Ta yi magana, ta ɗaga murya, ta kira wani a waya. Bai sauya ba.

A hanyar filin jirgi na kasa haƙuri na ce, "Malam, me ya sa ka hana ni gaya musu? Ko don Alhaji ya san da wa yake magana."

Yana kallon waje ta taga, inda ake ta gina gadoji a kan gadoji.

"In ce masa me? In ce ni na koya wa malamar yaron, amma a garinmu ko ɗakin ƙere-ƙere ɗaya ban iya karewa ba? Ai sai ya ce ya faɗa." Sannan ya ƙara da cewa, "Da ban zo ba, da na mutu ina zaton aikin ne bai yi kyau ba. Da hakan ya fi mini sauƙi."

Da muka isa na sauke masa jakarsa, muka yi sallama.

Ya koma ya tarar da takardar tuhuma a kan teburinsa, ya amsa, ya kwashe kayansa daga ɗakin ƙere-ƙeren kamar yadda aka umarce shi. Farfesar kuwa ba ta saki maganar ba. Ta aika da gayyata ga hukumar gudanarwa, kamar yadda suka nema.

Shekara ta zagayo suka zo. Shugaban kwaleji, da magatakarda, da ma'aji, da wasu da ban san aikinsu ba. Babu Malam a cikinsu. Wani ya ba su lambata, don haka ni na yi musu tafinta. A safiya ɗaya aka gama komai, aka sa hannu, aka yi musabaha, aka ɗauki hoto a ƙarƙashin tutoci. Farfesar ta gayyace su su ga ɗakin ƙere-ƙeren, shugaban ya duba agogo ya ce wani lokacin. Ta tambaya ina Malam.

"Ce mata ya kusa ritaya, tafiya tana ba shi wahala," in ji shi.

Na faɗa mata da Sinanci. Ta dube ni, ba shi ba, ta daɗe.

Sauran kwanakinsu a kasuwa suka ƙare. Tayil, kujerun falo, fitilun ado, labule, har da ƙofar gida mai ruwan zinare. Kwantena guda suka cika, ni na rufe ta. Ɗalibi ko ɗaya bai taɓa zuwa Tianhe ta hanyar yarjejeniyar nan ba.

Malam ya yi ritaya a matakin da na same shi ina ɗalibi. Na je gaishe shi wani zuwa da na yi gida, na tarar da shi a zaure a kan tabarma, rediyo a gefensa. Ya tambaye ni farfesar, ya tambaye ni yarinyar nan mai jan koma ko ta gama karatu. Bai ambaci kwaleji ba, ni ma ban ɗauko ba. Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa yana jan ƙafa, ya sa mini albarka.

Labarin rasuwarsa a Guangzhou ya same ni, ta bakin wani tsohon ɗan ajinmu. Na rufe ofis na hau mota zuwa Tianhe, don na ga bai kamata ta ji a waya ba. Na same ta a tsakiyar aji. Ta fito, na gaya mata. Ta jingina da bango ta rufe fuska da hannu, sannan ta koma ciki ta yi wa ɗaliban magana. Na ji injuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin ya yi tsit, yaran duk suka miƙe tsaye.

Da ta sake fitowa ta ce tana son aika ta'aziyya da sunan sashensu. Ta tambaye ni wa za ta rubuta wa a kwalejinsa, wanda ya san aikinsa, wanda zai gane abin da aka rasa. Na tsaya a barandar ina bin sunaye a raina, tun daga shugaba har ƙasa. Daga ƙarshe na ce ta rubuta wa matarsa, ni zan kai.